Talata Goma Sha Biyu Saboda Kurciya

5 ga Fabrairu

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da karatun jinyar naki. Mu nan lafiya lau, sai guiwata da ta tashi, da Baban yara da ke fama da tari. 'Yarki Kurciya ma lafiyarta ƙalau, tana cin abinci tana zuwa makaranta, in dai abin da kike son ji ke nan.

Na ga kiranki har sau bakwai. Da gangan na ƙi ɗauka. In na ji muryarki yanzu zan faɗi abin da ba ya gyaruwa, shi ya sa na yago takarda daga littafin awo na ba direban da ke zuwa wajenku.

Shekara biyu ke nan da mijinki ya rasu kika kawo min yarinyar nan da jakarta, kika ce in riƙe miki ita har ki gama makaranta. Na karɓa. Sakayyata ita ce wata mata mai jakar takardu ta shigo min shago, masu kawo ɗinki uku suna zaune, ta ce daga ofishin kula da yara take, wai malamar ajinsu ta ga shatar duka a bayan Kurciya da ƙwaurinta. Na ce mata ƙwarai, ni na dake ta, da rular awo, kuma ba a ɓoye na yi ba. Yarinya 'yar shekara tara tana fitsarin kwance, ta tashi ta naɗe zanin gadon ta cusa a ƙarƙashin yadikan mutane, sai da wari ya tona mata asiri. Me kike so in yi, in tafa mata?

Mai jakar ta ce zaɓi biyu gare ni: ko in riƙa zuwa wani zama na masu riƙon yara duk Talata har sau goma sha biyu, ko maganar ta wuce gaba. Sai ta zaro takarda ta nuna min wai uwar yarinya ta amince. Na san sa hannunki, Auta. Ni na riƙe miki fensir kika koyi rubutu.

Jiya na je na farko. Ɗaki ne a bayan asibitin unguwa, inda ake yi wa jarirai riga-kafi, sikelin awonsu ma yana nan rataye. An jera kujerun roba a zagaye, mu goma sha ɗaya. Akwai wata tsohuwa mai riƙon jikoki uku, akwai mai sayar da kayan miya, har da wani bakanike da matarsa ta rasu, ya zo da baƙin mai a farce yana ta kallon ƙasa. Mai koyarwar kuwa wata 'yar siririya ce mai tabarau, ina jin ko goyo ba ta taɓa yi ba. Ita ce za ta koya min tarbiyya, ni da na aurar da 'ya'ya biyu, na kuma raine ki tun kina shekara shida da Mama ta rasu. Har da aikin gida ta ba mu: wai kullum in ajiye almakashi minti biyar in zauna in yi wasan da yarinya ta zaɓa. Da furfurata!

Ba amsa nake nema ba. So nake ki san abin da kika ja min.

Yayarki.

10 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi wa Baban yara sannu da jiki. Guiwar ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki rage taka keke da ƙafar. Ni lafiya nake, yanzu an kai mu ɗakin masu karaya, tsayuwa dai ba ta ƙarewa.

Ba ni na kai ƙararki ba. Ina tsakiyar aiki aka kira ni a waya, aka ce in ban sa hannu ba za su ɗauke Kurciya su ajiye ta a gidan yara har a gama bincike. Ki faɗa min, wanne zan zaɓa? Na kira ki don mu yi shawara, wayarki na kan teburin yanka kamar kullum, ba ki ɗauka ba. Awa biyu suka ba ni.

Amma tunda kin buɗe magana, bari ni ma in faɗi tawa. Sun turo min hoton bayanta. Na shiga banɗaki na kulle na ƙirga, shata tara. Duk sanda na kira ki ce min kike lafiya lau, in na ce a ba ni ita sai ki ce ta tafi aike. Yaya, fitsarin kwance ba iskanci ba ne. Yarinyar nan ta daina tun tana shekara uku, sai bayan rasuwar babanta abin ya dawo. Kuma yaro ba ya ɓoye jiƙaƙƙen zani sai yana tsoron abin da zai biyo baya.

Ban manta da alherinki ba, ba kuma zan manta ba. Kin ciyar da ni kin tufatar da ni lokacin da ke ma ba ki wuce yarinya ba. Amma ki bar maganar ko mai tabarau ta taɓa goyo. In abin da take faɗa mai amfani ne, ki ɗauka.

Ki daure ki je, wata uku ne kacal. Daga nan in Allah ya yarda a raba ki da wannan wahalar gaba ɗaya.

Ki ce wa Kurciya ina tunaninta kullum.

Ƙanwarki, Auta.

20 ga Fabrairu

Auta,

Na gaishe ki. Muna lafiya, tarin Baban yara ya yi sauƙi.

"A raba ki da wannan wahalar gaba ɗaya." Sau uku na karanta, na miƙa wa Baban yara shi ma ya karanta. Ya ce wataƙila ba haka kike nufi ba, na ce ya yi min shiru, na fi shi sanin ki. Ashe kun gama shirinku ke da mai jaka: in yi Talata goma sha biyu ina zubar da mutuncina a gaban bakanike da mai kayan miya, sannan a zo a ɗauke yarinya. To me ya sa ba ku ɗauke ta tun ranar farko kun huta da ni ba? Kuma 'yar da kika haifa da cikinki ita kike kira wahala? Ni da nake wanke mata zani ban taɓa kiranta haka ba.

Bari ki ji abin da ba ki sani ba. Minti biyar ɗin nan nasu na yi shi, kwana goma sha biyar ban tsallake ba. Ranar farko na ce ta zaɓi wasa, ta tsaya tana kallon hannuna kamar wadda za a yanka. Da ƙyar ta nuna gwangwanin maɓallai. Muka juye su a tabarma muna ware su kala-kala. A rana ta shida ne ta ɗauki wani babban maɓalli baƙi ta ce wannan babanta ne, ta ajiye shi nesa da sauran. Kina ina a lokacin? Kina can kina ƙirga shata a hoto.

Uku na je, kuma uku ɗin ke nan. Ba zan ƙara taka ɗakin nan ba. In ɗauke ta za ku yi, ku zo ku ɗauka a gabana.

Maganar duka kuwa, kada ki ƙara yi min lacca. Da hannun nan da rular nan na raine ki, ga ki nan gobe-jibi za a ce miki nas. Me suka rage miki?

Yayarki.

6 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Ni dai kwana biyu ko abinci ba na iya ci.

Ranar da wasiƙarki ta zo, a ranar na rubuta amsa na ba direba. Sati biyu ke nan babu ke babu labarinki, wayata kuma kin toshe ta. Ban sani ba ko ba ki samu ba ne, ko kin samu kin yaga. Wannan na ba wata 'yar ajinmu da za ta je ganin gida, na ce ta sa miki a hannu.

Zan sake faɗa da manyan baƙaƙe tunda ƙanana ba sa shiga. Wahalar da nake nufi ita ce zirga-zirgar ofis da zaman Talata da kika ce yana zubar miki da mutunci. Ba Kurciya ba. Yaya za a yi in kira 'yata wahala? Kin ɗauki layi ɗaya kin gina gida a kai, kin shiga kin kulle ƙofa.

Jiya mai jaka ta kira ni. Ta ce kin tsallake zama biyu, in kika tsallake na uku dole ta rubuta cewa kin ƙi. Kin san ina za a kai Kurciya? Ba wurina ba, don ɗakin kwanan ɗalibai ba a yarda da yara. Gidan yara za a kai ta, cikin mutanen da ba ta taɓa gani ba, da fitsarin kwancenta. Ke kina fushi da ni, ita za ta kwana a can.

In don ni ne kada ki je, ki ci gaba da toshe wayar har shekara. Amma yarinyar da ta nuna miki baƙin maɓalli ba ta yi miki komai ba. Talata mai zuwa ƙarfe tara. Don girman Allah, Yaya.

Auta.

27 ga Maris

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, guiwa ce dai sai a hankali.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon ashe motar direban ce ta lalace, ta kwana goma sha biyu a gareji, takardar na cikin aljihun gaba. Na karanta. Ban ce na yi kuskure ba, rubutunki ne mai harshe biyu. Mai koyon aikin asibiti ya kamata ta iya faɗin abu a miƙe.

Na koma, kuma ba don ke ba. Mai tabarau ta ce zan rama biyun da na rasa a ƙarshe. Ranar da na koma wasan kwaikwayo suka sa mu. Aka ce in zauna a ƙasa a matsayin yarinya, bakanike ya tsaya a kaina a matsayin uba, wai na zubar da abinci. Mutumin da ko gaisuwa ba a jin muryarsa, da ya buɗe baki sai ya daka min tsawa. Daga ƙasa mutum ashe tsawo gare shi, ba abin da kake gani sai hannu da haƙora. Da aka gama shi ya fashe da kuka, ya ce haka yake yi wa ɗansa kullum. Tsohuwa ta ce, "To ai sai ka yi wa yaron kukan, mu me za mu yi da shi?" Aka yi dariya, har shi.

Maganar fitsari, na shimfiɗa mata leda a katifa. In ta jiƙa, da safe mu wanke tare, ba na cewa komai. Satin da ya wuce kwana huɗu a jere ta tashi a bushe. Na ce mata ta kyauta, kamar yadda aka koya mana, bakina sai da ya yi nauyi.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji daga bakina kafin mai jaka ta kira ki. Ranar Lahadi na shiga ciki in duba tukunya, na fito na tarar ta ɗauki almakashina ta datse hannun rigar wata mata da na gama ɗinkawa, wai za ta yi wa 'yar tsanarta zani. An koya mana in rai ya ɓaci mu tsaya mu ja numfashi sau biyar, ko mu fita waje. Na kai na biyu hannuna ya riga ni. Mari ɗaya na yi mata a gefen fuska. Ta dafe kunne ta zauna, ba ta yi kuka ba.

Ranar Talata da bakina na faɗa a gaban kowa, ba wanda ya tambaye ni. Mai tabarau ba ta yi min faɗa ba. Ta ce in nuna musu daidai inda zan fita in tsaya in hakan ta sake faruwa, ta kuma ce almakashi ya koma saman kwaba. Ta rubuta a takardarta, ta ce mai jaka za ta zo gida.

Mari ɗaya ne a sati bakwai, kuma ba rula. Ki ce min wannan ba ci gaba ba ne.

Yayarki.

31 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki. Ba zan tambayi guiwa yau ba.

Kin tambaye ni a wancan watan me hannunki da rularki suka rage min. Na haɗiye amsar don ban so ki daina zuwa. Yau zan ba ki.

Ina shekara goma sha ɗaya kika sa ni guga, na bar dutsen a kan rigar wata mata ta ƙone. Kika yi min mari ɗaya a gefen fuska. Ɗaya tak, irin wanda kike kira ci gaba. Kwana uku kunnen yana ƙara, daga baya ruwa ya riƙa fita yana ɓata matashi. Na ɓoye rigar matashin a bayan akwatinki na wanke a ɓoye. Tun daga ranar kunnen nan bai ƙara jin komai sosai ba. A makaranta aka ce taurin kai gare ni. Ke ma in kin kira ban amsa ba sai ki ce kurumtar gangan ce, ki ƙara min wani.

Bara a aji aka sa mu gwada jin junanmu. Abokiyar gwajina ta zaci na'urar ce ta lalace. Likita ya leƙa ya ce dodon kunnen ya daɗe da fashewa, ya warke a karkace, yanzu ba abin da za a iya. In na sa abin sauraron ƙirji, da kunne ɗaya nake jin zuciyar mara lafiya. Kullum ina tsoron ranar da zan tsallake abin da mai kunne biyu zai ji.

Kika ce ta dafe kunne ta zauna ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi ba, Yaya.

Yau ɗin nan ki kai ta asibiti a duba mata kunnen, ba gobe ba. Na samu ɗaki a wajen makaranta, a gidan wata dattijuwa mai shara a asibitinmu, ta ce za ta kula min da ita in ina aiki. Tsakiyar Mayu, da zarar an ba su hutu, zan zo in ɗauke ta. Wannan karon ba layi mai harshe biyu ba ne, ɗauke ta zan yi. Kafin nan ki gama zamanki, don in kika daina ba za su bar ta ta kai Mayu a gidanki ba.

Auta.

8 ga Mayu

Auta,

Ina gaishe ki, ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Mu lafiya. Kunnen Kurciya na sa mai jaka ta faɗa miki sakamakon tun a ranar, na san kin ji, duka biyun lafiya lau. Na zauna zan rubuto miki ya fi sau goma, sai in tashi in kama ɗinki.

Na tuna rigar da kika ƙona. Koriya ce, mai aiki a wuya, har matar na tuna da wushiryarta. Marin ne ban tuna ba. Na nema na nema a kaina, babu shi. Na faɗi haka a zaman Talata, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Mai kayan miya ta ce ita ma in aka tambaye ta sau nawa, ba za ta iya cewa ba, amma ta tabbata 'yarta ta sani. Tsohuwa ta jawo ni ta zaunar da ni, ta riƙe min hannu har aka tashi.

Shekaranjiya na gama na goma sha biyu. An ba mu takarda, mai jaka ta rufe fayil. Tun ranar Lahadin nan da na mare ta ban ƙara taɓa yarinyar ba. Sau biyu na fita na tsaya a bakin famfo kamar mahaukaciya, maƙwabta suna leƙe. Mu huɗu mun ce za mu ci gaba da haɗuwa a shagona duk Talata, har da bakanike, don shi nasa yaron yana nan ba inda za shi.

Kada ki zaci na sauko a kan komai. Har gobe ina ganin da kin matsa da kira kafin ki sa hannu. Kuma shekara ashirin da ɗaya kina ci muna ci kina ɓoye min abu irin wannan, sai da kika tashi yanka ni kika zaro shi, wannan ma ba adalci ba ne. Amma ba zan hana ki 'yarki ba. Na ɗinka mata riguna uku, na naɗe ledar katifar a jakarta. Fitsarin yanzu sai sau ɗaya a sati, in wurin ya zame mata baƙo zai iya dawowa, kada ki nuna mata kin damu. Minti biyar ɗin kuma kada ki tsallake, ko kin dawo a gajiye. Ita za ta zaɓi wasan, ba ke ba.

Abu ɗaya ne ba ki rubuta ba, na duba wasiƙar har ta fara yagewa. Wane kunne ne? Duk shekarun nan ina zama kusa da ke ina zuba miki magana, ban san ta wane gefe take shiga ba. Akwai abin da nake son faɗa miki, ba kuma a takarda ba. Ki rubuto min wanne ne, don in kin zo in san inda zan zauna.

Yayarki.

12 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ki, ina gaida Baban yara. Jarrabawa an gama lafiya.

Zan iso ranar Asabar da motar safe, mu juyo ranar Litinin ni da Kurciya. Wannan bai canja ba. Ban kuma yi miki alkawarin abin da zan amsa ba in kin faɗi abin da za ki faɗa.

Na hagu ne. Ki zauna a damana.

Auta.